Waye Ke Ƙirga Tipa Bayan Guguwa?

Akwai wata magana da na gaji da ji. Duk sanda mahaukaciyar guguwa ta afka wa Amurka, hotuna suka fara yawo a WhatsApp da Facebook, sai ka ji ana cewa, "Ka ga mutanen da suka san amana! Kafin mako ya zagayo sun share komai, kuma ba wanda zai ci ko sisin kwabo." Daga nan a ɗora da cewa mu kam halinmu ne, ba mai iya gyara mu sai Allah. An yi ta wannan zance a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, kafin watan ya ƙare kuma guguwar Helene ta shiga ta jihar Fulorida, ta haura duwatsun yammacin Karolina ta Arewa, ta kashe sama da mutum 100 a wannan jiha kaɗai.

Maganar tana da daɗin faɗa a majalisa, amma ba gaskiya ba ce, kuma tana cutar da mu.

Batun mako guda ma a ajiye shi gefe. Bayan Helene, kogin French Broad da na Swannanoa da suka ratsa yankin birnin Ashbil a Karolina ta Arewa sun cika da itatuwa, motoci, tankunan gas, rufin gidaje da bututun roba. Tafkin Lure ya toshe da tarkace har ba a ganin ruwa a wasu wurare. Aikin kwashewa ya ci watanni, ya shiga 2025 sosai ana yi.

Ga yadda tsarin yake a taƙaice. Yawanci ƙaramar hukuma ce ke ba da kwangilar kwashe tarkace, ita ke fara biya daga aljihunta, sannan ta kai takardu ga FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, a mayar mata da kuɗinta. Dokar Stafford ta 1988 ta ce tarayya za ta ɗauki aƙalla kashi 75 cikin 100, wani lokaci fiye, kamar yadda aka ɗauki duka na kwana 180 na farko bayan Helene a Karolina ta Arewa. Manyan hanyoyin jiragen ruwa na tarayya suna hannun injiniyoyin soja da dakarun tsaron gaɓar teku, akwai kuma wani shiri na ma'aikatar noma da ke taimakawa da ƙoramu. Abin da ya dame mu a nan shi ne kwangila ta biyu, wadda ba ta fitowa a hotuna: ƙaramar hukumar takan ɗauki wani kamfani daban, wanda ba ya ɗaga ko tsinke, aikinsa kawai ya sa ido, ya auna, ya rubuta.

To, in amana ce ta yi musu yawa, me ya kai su biyan miliyoyin daloli ga masu ƙirga tipa?

Amsar tana cikin littafin da FEMA da kanta ta rubuta wa masu sa ido, inda ta jera dabarun cuwa-cuwar da ta sha gani. Yawanci ana biyan ɗan kwangila ne da yawan lodi, ana aunawa da kubik yadi, wato sarari mai tsawon yadi ɗaya, faɗin yadi ɗaya, zurfin yadi ɗaya. Sai ka ga an yi wa bodin mota ƙasan ƙarya, daga waje ta cika maƙil, alhali rabinta iska ce. Wani ya jera rassa sako-sako don su yi tozo. Wani ya ɗauki lambar babbar mota ya liƙa wa ƙarama. Wani ya shiga juji da kaya, a rubuta masa, ya fita ta baya bai sauke ba, ya zagayo a sake rubuta masa. Inda ake biya da nauyi kuwa, a kwarara wa kayan ruwa kafin a hau sikeli. Wanne ne a ciki baƙo gare mu? Duk wanda ya taɓa sayen yashi a tipa ya san wannan wasa.

Kuma kada a ɗauka hasashe ne kawai. Bayan guguwar Katrina ta 2005, wadda ta bar tarkace sama da kubik yadi miliyan 100, an gurfanar da wani ɗan kwangila da wasu masu sa ido a ƙaramar hukumar Pearl River ta jihar Misisipi kan ƙirƙirar takardun lodi na bogi na sama da dala dubu 700. Motocin ba su taɓa ɗaukar kayan ba, a takarda kawai aka loda su. A lura da kyau: har da masu sa idon a ciki. A wannan guguwa dai an yi ta ƙorafi a majalisar dokokinsu kan yadda babban kamfani zai karɓi kwangila, ya miƙa wa wani, shi ma ya miƙa wa wani, kowa na yankar rabonsa, har abin da ke isa hannun mai motar da ya yi aikin ya zama ɗan kaɗan. Ina amanar da ake ba mu labari?

Abin da suke da shi, wanda ya kamata mu yi kishi a kai, shi ne sun ɗauka tun farko cewa ɗan Adam zai yi ha'inci in ya samu kafa, sai suka toshe kafar da awo. Kafin mota ta fara aiki a auna bodinta, a ɗauki hotonta, a manna mata lamba da adadin abin da take ci. A wurin lodi akwai mai sa ido da zai buɗe takarda: wuri, lokaci, irin kaya. A bakin juji akwai hasumiya da wani zai hau ya leƙa cikin motar daga sama, ya ce kashi nawa ta cika, ya kuma tabbatar ta fita fayau. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ma ta ce motar da aka loda da hannu ba a rubuta mata fiye da rabi, wadda ba ta da murfin baya mai ƙwari kuwa ba ta wuce kashi 85. Yanzu yawancin takardun sun koma cikin waya, da hoto da alamar GPS. In babu wannan shaida FEMA na iya ƙin biya, ko masu binciken kuɗi su zo daga baya su ce a dawo da abin da aka karɓa. Shugaban ƙaramar hukuma ya san cewa in ya yi sakaci, baitulmalin garinsa ne zai ɗauki asarar.

Aikin cikin ruwa ya fi na titi wahalar tantancewa, shi ya sa kwangilar sa ido a kansa ta fi tsauri. Tarkacen titi kowa na gani. Na kogi wani na nutse, sai an bi da kwale-kwale da na'urar da ke gano abu a ƙarƙashin ruwa da sauti. Sannan ba kowane gungume ake biya a kansa ba. Dole a nuna cewa guguwar ce ta kawo shi, kuma yana da hatsari: zai toshe gada ko kwalbati, zai lalata wurin jan ruwan sha, zai tare jirgi, ko zai sa ruwa ya koma cikin gidaje. Gungumen da ya shekara ashirin kwance a gaɓa, kifi na fakewa a ƙarƙashinsa, ba na guguwa ba ne. Amma ga wanda ake biya da yawan lodi, kowane icce kuɗi ne. A 2025 masana halittun ruwa a Karolina ta Arewa sun yi ta kuka cewa wasu 'yan kwangila na sare itatuwa masu rai a bakin kogi, suna shiga da manyan injuna tsakiyar ruwa suna murƙushe halittun da doka ta kare. Itacen gaɓa kuwa shi ke riƙe ƙasa, in ka cire shi ka gayyato zaizaya da ambaliyar baɗi. Wannan ya nuna ko a can, inda sa ido ya yi rauni, ɓarna na biyo baya.

Tabbas akwai bambancin arziki da na kayan aiki tsakaninmu da su, ba na musu. Amma awon tipa ba ya buƙatar dala.

Don haka, jama'a, duk shekara kafin damina muna jin an ba da kwangilar yashe magudanan ruwa, bayan ambaliya kuma a ba da ta kwashe laka da baraguzai. Maimakon mu zauna muna yabon Bature, ga abin da ya kamata mai unguwa, shugaban matasa, ƙungiyar 'yan kasuwa, ɗan jarida da kansila su riƙa tambaya.

A fara da wannan: wa zai auna aikin? In amsar ita ce ɗan kwangilar da kansa zai kawo lissafi, ko yaronsa, ko surukinsa, to an gama magana. Mai awo ya zama ba ya cin abinci a hannun mai kwasa, ba ya shiga motarsa, ba ya karɓar "na goro". A ƙa'idar Amurka ma haɗa kai irin wannan na iya jawo a hana kuɗin gaba ɗaya. Sannan a biya mai sa ido haƙƙinsa a kan kari. Wanda ya wuni a rana a bakin juji, ya yi wata uku ba albashi, kai ka tura shi hannun ɗan kwangila.

A tambayi yadda aka tsara biya. Kwangilar da ta ce za a ba ɗan kwangila abin da ya kashe a ƙara masa wani kaso a kai haramtacciya ce a kuɗin tarayyar Amurka, don kowa ya san mai irin wannan takarda ribarsa na ƙaruwa ne da yawan ɓarnarsa. Biya da awa ma ba a yarda da shi sai na ɗan lokaci, da iyakar kuɗin da ba za a wuce ba. A rubuta farashin kowane lodi ƙarara, a kafe shi inda jama'a za su gani.

A ɗauki hoton magudana kafin damina, da kwanan wata. Wannan aiki ne da matasan unguwa za su iya da wayar hannunsu, ba sai an jira kowa ba. Hoton kafin aiki da na bayan aiki, daga wuri ɗaya, ya fi dogon jawabin ƙaddamarwa amfani. A rubuta lambar kowace tipa da lokacin fitarta. A bi ta a ga inda take saukewa, domin lakar da aka tara a bakin kwata ruwan farko zai mayar da ita ciki, a sake ba da kwangilar kwashe ta baɗi. Wannan kam ya isa haka!

A kuma shirya kwangila tun kafin bala'i ya zo. Ƙananan hukumomin gaɓar teku a Fulorida da maƙwabtanta sukan yi gasar neman kwangila tun ana zaman lafiya, su ajiye kamfanin kwasa da na sa ido da farashinsu, sai guguwa ta zo a kira su. Ranar da ruwa ke cikin ɗaki ba ranar ciniki ba ce, abin da ɗan kwangila ya faɗa shi za a biya. Takardu kuma a adana su. Can sai an riƙe su aƙalla shekara uku bayan rufe lissafi.

Malamai da limamai su ma suna da rawar takawa. A daina nuna wa mutane cewa neman a auna aiki rashin kunya ne ko zargin bawan Allah. Addininmu ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Ɗan kwangila na gari ba ya tsoron awo.

Damina na tafe. Mai karatu, in ka ji an ba da kwangilar yashe kwatar unguwarku, je ka tambayi kansilanku sunan wanda zai ƙirga tipa, da wanda ke biyansa.