Mai Haya a Gidan Dangi da Fansar Rabon Gado

A yau za mu duba wata mas'ala wadda ta daɗe tana ɓata zumunta a ƙasar Hausa, ta kuma ƙara tsanani a shekarun nan a Magami da Gusau da Tsafe da Bunguɗu, wato halin mutumin da yake zaune a gidan danginsa yana biyan su haya, ba shi da wani ƙarfi sai ɗan abin da sana'a ta ba shi da kuma tallafin hukuma ko zakka, alhali zuciyarsa tana kan ya mallaki wani yanki na gidan, ko da ɗaki ɗaya ne da 'yar farfajiya, domin ya san inda iyalinsa za su fake idan ta Allah ta kasance.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama fadar gwamnati, farashin fili da na haya suka fara hawa. Sa'an nan kuma da fitinar 'yan bindiga ta mamaye karkara, mutanen ƙauyukan da ke kan hanyar Magami zuwa Ɗansadau, da na dazukan Tsafe da Bunguɗu, suka baro gonakinsu da rumbunansu, wasu suka tsaya a manyan garuruwan yankinsu, wasu suka zarce Tudun Wada da Damba da sauran unguwannin Gusau, inda mafi yawansu ba su da masauki sai gidan ɗan'uwa. Da farko baƙunta ce, ba mai zancen kuɗi. Da zama ya yi tsawo sai a ce a riƙa taimakawa da kuɗin yaɓe da na wuta, daga nan kuma abin ya rikiɗe ya zama haya, ba tare da an taɓa zama an kira shi da sunansa ba. Akwai kuma wanda shi ma magaji ne, yana zaune a gidan mahaifinsa da ba a raba ba, yana ba sauran magada wani abu duk shekara saboda shi kaɗai ke morar abin da yake na kowa.

Mu ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, bai bar komai ba sai gida. Bisa ilmin fara'ili, matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas. Sauran kashi bakwai kuwa, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ta ɗauki ɗaya. To, ɗan da yake zaune a gidan yana da kashi 2 cikin 8, sauran 6 na 'yan'uwansa ne da matar mahaifinsa. Shari'a ba ta hana shi biyan hayar waɗannan shida ba, ba ta kuma hana shi fansar su ɗaya bayan ɗaya ba, gama malaman mazhabar Imamu Malik sun halatta sayar da rabon da ba a keɓe ba matuƙar an san gwargwadonsa. Idan ya fanshi rabon ƙanwarsa guda ya koma mai kashi uku, hayar da ke kansa kuma ta sauko zuwa ta kashi biyar, haka har Allah ya hore masa ya gama.

Shari'a ma ta ƙara masa da wata garkuwa da mutane da yawa ba su san suna da ita ba, wato shuf'a. Idan wani daga cikin magada ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya baren daidai kuɗin da ya bayar ya karɓe rabon, don kada a cusa masa baƙo a tsakar gidansa. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda almajiran zaurukanmu suke karantawa, an bayyana cewa wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, kuma wanda yake nan a gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa ko da tafiyarsa ta daɗe. Wannan hukunci na ƙarshe ya kamata dillalai da masu sayen rabon gado su riƙe shi da kyau a yau, domin da wuya ka sami zuriya a yankin Magami wadda rashin tsaro bai warwatsa 'ya'yanta ba, kuma wanda ya yi hijira zuwa Katsina ko Kaduna ko Maraɗi bai yafe haƙƙinsa ba don kawai ba a ji muryarsa ba ranar ciniki.

Amma, jama'a, inda ɓarnar take aukuwa shi ne wajen kara da kunya. Mutum zai yi shekaru yana miƙa wa yayansa kuɗi, yau dubu goma, bayan girbi dubu hamsin, shi a ransa fansar gida yake yi, yayan kuwa a ransa haya yake karɓa, ba takarda, ba shaidu, saboda kowannensu yana ganin abin kunya ne ya ce wa ɗan'uwansa a rubuta. Ranar da ɗayansu ya kwanta dama, 'ya'yan da ba su san yadda aka ƙulla ba su ne za su tsaya gaban alƙali, kuma alƙali ba ya hukunci da abin da ke cikin zukata, sai da hujja ko rantsuwa. Kada kuma wani ya dogara da daɗewarsa a gidan, yana cewa ai hauzi, wato mallaka ta hanyar daɗewar riƙe abu, zai tsaya masa. Hauzin da kotunanmu suke aiki da shi shekara 10 ne tsakanin bare da bare, tsakanin dangi kuwa sai ya kai shekara 40, sa'an nan duk wanda ya shiga gida da sunan haya ko aro ko jingina, to, zamansa ba ya zama mallaka ko da ya tsufa a ciki. Hasali ma kuɗin hayar da yake biya shi ne babbar shaida a kansa cewa gidan ba nasa ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta togace 'yan'uwan jini ba.

Saboda haka hanya biyu ce mai tsabta, sai mutum ya zaɓi ɗaya ya bayyana ta. Ko dai ya sayi rabon gaba ɗaya bashi, a yanke kuɗi a yanke wa'adi, rabon ya zama nasa tun daga ranar, hayarsa ta faɗi, kuma ba a ƙara masa ko kwabo don ya yi jinkiri, gama wannan ƙarin riba ne; ko kuwa ya ci gaba da haya, duk sa'ad da ya tara wani abu a zauna a yi cinikin wani ɗan yanki bisa farashin da aka amince da shi a ranar. Ta biyun ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, domin ba ta ɗora masa bashin da zai mutu ya bari, kuma ba ta cutar da mai sayarwa a zamanin da darajar naira take zubewa. Wannan tsari shi ne bankunan Musulunci suke kira musharaka mutanaƙisa, wato tarayya mai raguwa, wadda majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da ita a zamanta na Maskat a 2004, bisa sharaɗin kada a ɗaure wani tun farko da sayen rabon a kan tsohon farashi. A Ingila ma akwai makamancinsa, inda mutum yake sayen wani kaso na gida ya biya hayar saura, hukuma kuma ta taimaka wa mai rauni da kuɗin hayar. Sai dai can ba a biyan wannan taimako ga wanda yake haya wurin ɗan'uwansa na kusa da suke zaune gida ɗaya.

Mu a nan ba mu da tallafin haya. Abin da aka sani shi ne naira 5,000 a wata da gwamnatin tarayya ta fara ba gidajen matalauta a zamanin Shugaba Buhari, da kuma naira 25,000 a wata har wata uku da aka ƙaddamar a 2023, kuma kowa ya san wannan kuɗin hatsi ne, ba ya sayen gida. Abin da yake fansar ɗaki shi ne adashi da kuɗin amfanin gona da 'yar akuyar da aka kiwata. Ina so dai in kawar da wani tsoro da yake hana wasu motsi: mallakar wurin kwana ba ta fitar da mutum daga sahun masu cin zakka, domin malamanmu sun tabbatar cewa wanda yake da gidan da bai wuce buƙatarsa ba, kuma abin hannunsa bai ishe shi ba, yana nan a matsayin faƙiri.

Wani abu kuma da ba zan iya wuce shi ba shi ne haƙƙin mata da marayu. Sau da yawa rabon da ake fansa da araha na mace ne, a taru a kanta a ce ai ke kina gidan miji, me za ki yi da ɗaki, ta karɓi abin da aka ba ta don gudun a ce ta kai 'yan'uwanta ƙara. Yardar da aka samu ta hanyar matsi ba yarda ba ce, kuma talaucin mai saye ba ya halatta masa dukiyar 'yar'uwarsa. Rabon maraya kuwa ba ya sayuwa sai ta hannun wasiyyinsa ko alƙali, bisa maslahar da ta bayyana.

Don haka, ya kai ɗan'uwa da kake zaune a gidan dangi, kada ka ƙara miƙa ko sisi sai kun zauna da dukan magada, maza da mata, a gaban malamin da ya san fara'ili da mai unguwa da shaidu biyu adilai, an rubuta rabon kowa, an rubuta nawa ne haya nawa ne kuɗin fansa, kowa ya riƙe kwafinsa, in da hali kuma a kai kotun shari'a ta tabbatar. Muna kuma roƙon limamanmu na Magami da Gusau da Tsafe da Bunguɗu su sanya babin shuf'a da na hauzi cikin huɗubobinsu da karatunsu na zaure, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kuma ta dubi gajiyayyun da kaso ɗaya ko biyu kawai ya rage musu su mallaki muhallinsu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa.