Mai rubuta manhaja da mukullinsa

Wanda ya ji an ambaci Mai'adua, kasuwar Lahadi ce ke faɗo masa a rai, da shanu da raƙuman da ake shigowa da su daga Nijar. Amma tsakanin garin da Daura akwai samarin da abincinsu ke cikin kwamfuta: suna rubuta manhaja, suna gina shafukan intanet, wani lokaci ga mutumin da ba su taɓa gani ido da ido ba.

Abu na farko da gwani ke koya wa ɗan koyo shi ne ajiyar aiki. Ana yin ta da Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Duk sa'ad da mai sana'a ya kammala wani gyara, sai ya adana shi tare da gajeren bayanin abin da ya canza. Idan gyaran yau ya ɓata aiki, ya koma na jiya lafiya lau. Abin da ya fi burge ni shi ne Git ba ya jiran intanet, domin tarihin aikin duka yana cikin kwamfutar. A garin da wuta ke ɗaukewa, sabis kuma ke rawa, wannan babbar rahama ce. In sabis ya dawo, sai a tura aikin zuwa GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin wannan aiki.

A nan ne mukulli ke shigowa. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki, don haka da yawa suka koma ga SSH, tsarin da Tatu Ylönen ya fito da shi a Finland a 1995. Yaro zai buɗe baƙin allon rubuta umarni, ya rubuta ssh-keygen, ya zaɓi nau'in ed25519, sai fayil biyu su fito. Mai .pub a ƙarshe tamkar kwaɗo ne, shi ake kwafa a liƙa a GitHub, kowa ya gani ba komai. Ɗayan shi ne ɗan mukullin, ba ya barin kwamfutar, kuma mai hankali yakan ƙara masa jimlar sirri. In komai ya daidaita, da ya gwada sai GitHub ya gaishe shi da sunansa, ka ga yaro yana murmushi shi kaɗai.

Haɗarin daga ɗabi'armu ta ara da aro yake. Mutum uku na amfani da kwamfuta ɗaya, a kai ta gyara ba a cire komai ba, wani ma ya tura wa aboki mukullin ta WhatsApp don zumunci. Wanda ya sami wannan fayil zai iya shiga aikin mai kwangila da sunanka, kuma kai za a tuhuma.

Ɗan'uwa mai koyo, kowace kwamfuta ka yi mata nata mukulli. Ranar da ta ɓata ko ka sayar, ka shiga GitHub ka goge kwaɗonta a ranar.