Wajir: Gundumar makiyaya a Kenya inda rijiya da ƙidaya ke juya siyasa

A ranar 5 ga Fabrairun 2025, Shugaban Ƙasar Kenya William Ruto ya tsaya a garin Wajir ya sanya hannu a kan dokar da ta soke tantancewa ta musamman da aka shafe shekaru da dama ana yi wa mazauna yankunan kan iyaka kafin a ba su katin shaidar ɗan ƙasa. Kafin wannan rana, matashin da aka haifa a Wajir sai ya gurfana a gaban kwamitin dattawa da jami'an tsaro, ya kawo takardun iyaye, wani lokaci har da na kakanni, domin ya tabbatar da cewa shi ɗan Kenya ne. Takwaransa na tsakiyar ƙasar bai san wannan wahala ba.

Zaɓen Wajir domin wannan sanarwa yana da dalili. Gunduma ce da tarihinta ya tattara yawancin matsalolin arewa maso gabashin Kenya: ƙarancin ruwa, rashin yarda tsakanin jama'a da gwamnatin tarayya, da taƙaddama a kan yawan mutane. Ita ce kuma wurin da ake auna ko tsarin raba iko da ƙasar ta ɗauka a 2010 ya amfani makiyayi.

Ƙasa mai faɗi, ruwa kaɗan

Wajir ɗaya ce daga cikin gundumomi 47 na Kenya, waɗanda mutanen ƙasar ke kira kaunti. Faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 56,000, wato ta fi Jihar Kaduna girma, kuma tana cikin gundumomi uku mafiya faɗi a ƙasar tare da Turkana da Marsabit. Ta yi iyaka da Somaliya ta gabas da Habasha ta arewa. A cikin gida kuwa, Mandera ce a arewa maso gabas, Marsabit da Isiolo a yamma, Garissa a kudu. Daga Nairobi zuwa garin Wajir, hedikwatar gundumar, tafiya ce ta kusan kilomita 700.

Galibin ƙasar shimfiɗaɗɗen fili ne mai rairayi da ƙayoyi da gajerun itatuwa, sai wasu tuddai a arewa wajen garin Bute, kusa da iyakar Habasha. Babu kogi ko ɗaya da ke gudana duk shekara. Kogin Ewaso Ng'iro, wanda ke tasowa daga tsaunukan tsakiyar Kenya, yana ƙarewa ne a fadamar Lorian da ke kusa da garin Habaswein a kudu, inda ruwansa ke nutsewa cikin ƙasa.

Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika kai milimita 300 ba a yawancin wurare, kuma yana zuwa ne a damina biyu gajeru. Ta farko, wadda Somaliyawa ke kira Gu, tana faɗowa tsakanin Maris da Mayu. Ta biyu, Deyr, tana zuwa tsakanin Oktoba da Disamba. Tsakaninsu akwai rani biyu, kuma wanda ya fi tsanani shi ne Jilaal na farkon shekara. Idan damina ɗaya ta ƙi, makiyayi kan jure. Idan biyu suka ƙi a jere, dabbobi kan fara faɗuwa. Tsakanin ƙarshen 2020 da ƙarshen 2022 damina biyar ne suka gaza a jere a wannan yanki na Afirka, fari mafi muni da aka gani cikin shekara 40. Da ruwan ya dawo a ƙarshen 2023 kuma, sai ya zo da ambaliya wadda ta yanke hanyoyi ta raba iyalai da gidajensu.

Garin da rijiyoyi suka kafa

Garin Wajir kansa rijiyoyi ne suka haife shi. A ƙarƙashinsa akwai dutsen farar ƙasa mai riƙe da ruwa kusa da sama, don haka tun kafin zuwan Turawa makiyaya ke haɗuwa a rijiyoyin wurin, musamman na Orahey, su shayar da raƙuma. Ana cewa sunan garin ya samo asali ne daga kalmar Borana mai nufin haɗuwa. Turawan Ingila sun kafa sansani a wurin a 1912 saboda wannan dalili: wanda ya riƙe rijiya ya riƙe mutane.

Wannan ni'ima ta zo da tata matsalar. Saboda ruwan yana kusa da sama, haƙa masai mai zurfi na gurɓata rijiyoyin da ake sha. Shi ya sa garin ya daɗe yana amfani da tsarin ba-haya na bokiti da ma'aikata ke kwashewa, tsarin da aka gada tun zamanin mulkin mallaka, wanda kuma ake alaƙanta shi da ɓarkewar kwalara a lokacin ambaliya. Samar wa garin tsaftataccen ruwan famfo da magudanar ƙazanta na daga cikin alƙawuran da kowane ɗan takarar gwamna ke ɗauka.

Su wane ne mutanen Wajir?

Ƙidayar 2019 ta nuna cewa gundumar na da mutum 781,263, wato kimanin mutum 14 a kowane murabba'in kilomita, a ƙasar da jimillar jama'arta ta kai miliyan 47.6 a lokacin. Kusan dukkansu Somaliyawa ne Musulmi, kuma sun kasu manyan zuri'o'i uku. Degodiya sun fi yawa a gabas da tsakiya da yamma, Ogaden a kudu, Ajuran a arewa. Akwai ƙananan zuri'o'i, da kuma 'yan kasuwa da ma'aikata daga sauran sassan Kenya waɗanda suka fi zama a cikin gari.

Dukiyar mutanen ita ce raƙuma da awaki da tumaki da shanu. Raƙumi ne ya fi daraja domin yana jure ƙishirwa, kuma taguwa tana ba da nono har a tsakiyar rani. Mata ne ke riƙe da cinikin nonon raƙumi, wanda ake kawowa gari kullum a jarkoki daga rugage. Dillalai kuma na loda dabbobi zuwa kasuwar Garissa da mayankar Nairobi. Baya ga dabbobi, ana samun ƙaro da lubban daga itatuwan daji, yayin da ganyen mira, wanda ake taunawa, ke shigowa a motoci daga yankin Meru.

Kiwo a irin wannan ƙasa ba ya yiwuwa sai da ƙaura. Makiyayi yana bin ciyawa duk inda ruwa ya sauka, ko a Isiolo ne, ko a Marsabit, ko a hayin iyakar Somaliya da Habasha. A nan ne ake samun saɓani na farko tsakanin rayuwar jama'a da tsarin mulki, domin gwamnati tana aiki ne da iyaka da adireshi da rajista.

Taƙaddamar ƙidaya

Yawan jama'a na cikin manyan ma'aunan da ake bi wajen raba kuɗin tarayya ga gundumomi da kuma shata mazaɓu, don haka kowane adadi kuɗi ne da kujera. A ƙidayar 2009 an samu mutum 661,941 a Wajir, amma gwamnati ta ce ta soke sakamakon wasu yankuna na arewa, ciki har da Wajir ta Gabas, bisa zargin cewa an kumbura alƙaluman. Maganar ta kai kotu.

Bayan shekara 10 sai zargin ya juya. Shugabannin Wajir da Mandera da Garissa suka ce ƙidayar 2019 ta rage yawan mutanensu, suka shigar da ƙarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A Janairun 2025 Babbar Kotu da ke Garissa ta soke sakamakon wasu yankuna na gundumomin uku, ta kuma ba da umarnin a sake ƙidaya a wuraren. Tushen matsalar a bayyane yake: ƙirga mutanen da ke tafe da dabbobinsu a fili mai faɗin haka aiki ne mai wuya, kuma inda babu yarda, kowane ɓangare zai ɗauki kuskure a matsayin makirci.

Tarihin da ya bar tabo

Rashin yardar yana da asali. A zamanin mulkin mallaka, Ingila ta ware arewacin Kenya a matsayin yankin da ba a shiga ko fita sai da takardar izini. A 1962 wani kwamitin bincike ya gano cewa mafi yawan Somaliyawan yankin sun fi son haɗewa da Somaliya, amma aka bar su a cikin Kenya. Wannan ya haifar da yaƙin da ake kira Shifta daga 1963 zuwa 1967, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Arusha. Dokar ta-ɓaci kuwa ta ci gaba da aiki a yankin har farkon shekarun 1990. A ɓangaren tattalin arziki, wata takardar manufofin gwamnati ta 1965 ta tanadi cewa a zuba jarin ƙasa a yankunan da ke da ruwa da albarkar noma, abin da ya bar arewa ba hanya ba asibiti.

Mafi munin abin da ya faru shi ne kisan Wagalla a Fabrairun 1984, lokacin da jami'an tsaro suka tattara mazan Degodiya a wani filin jirgin sama da ke wajen gari, suka tsare su kwanaki cikin rana ba ruwa ba abinci. Gwamnatin lokacin ta ce mutum 57 ne suka mutu. Waɗanda suka tsira da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce adadin ya kai dubbai. Hukumar gaskiya da sulhu ta ƙasar, a rahotonta na 2013, ta tabbatar da cewa kisan kiyashi ne jami'an gwamnati suka aikata.

Daga Wajir ɗin ne kuma aka samu wani abin koyi. A farkon shekarun 1990, lokacin da faɗan zuri'o'i ya kai har mata ba sa sayar wa juna kaya a kasuwa, wasu mata ƙarƙashin jagorancin malamar makaranta Dekha Ibrahim Abdi suka fara sasanci daga kasuwar, suka jawo dattawa da malamai da jami'an gwamnati. Ƙoƙarin ya kai ga yarjejeniyar Al Fatah ta 1993 da kuma kafa kwamitin zaman lafiya na Wajir, wanda aka kwaikwaya a wasu sassan Kenya. An karrama Dekha da lambar yabo ta Right Livelihood a 2007, ta rasu a 2011.

Yadda ake mulkin gundumar

Kundin tsarin mulkin 2010 ya bai wa kowace gunduma zaɓaɓɓen gwamna da majalisar dokoki, ya kuma wajabta a ba gundumomi aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Ya kafa asusu na musamman na rabin kashi ɗaya cikin 100 domin yankunan da aka bari a baya. Tsarin ya fara aiki bayan zaɓen 2013.

Wajir na da mazaɓun majalisar ƙasa shida: Wajir ta Arewa, ta Gabas, ta Yamma, ta Kudu, Eldas da Tarbaj. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan mazaɓu 30, kowace da wakili a majalisar gunduma. Akwai kuma sanata ɗaya da wakiliyar mata ɗaya. Gunduma ce ke kula da asibitoci, kiwo da noma, ruwan sha, kasuwanni, ƙananan hanyoyi da makarantun share fage. Tsaro da makarantun firamare da sakandare suna hannun tarayya, wadda ke da nata kwamishinan gunduma da jerin jami'ai har zuwa ƙauye.

Ahmed Abdullahi ne gwamna na farko, kuma a zamaninsa ne garin Wajir ya ga kwalta a karon farko, bayan fiye da shekara 50 da samun 'yancin kai. Mohamed Abdi Mohamud ya gaje shi a 2017. Majalisar Dattawa ta tabbatar da tsige Mohamud a Mayun 2021, mataimakinsa Ahmed Ali Muktar ya karɓi mulki, sannan kotu ta mayar da shi kujerarsa a 2022. A zaɓen wannan shekarar Ahmed Abdullahi ya sake dawowa.

A bayan waɗannan sunaye akwai tsarin da 'yan Kenya ke kira dimokuraɗiyyar sasanci, inda dattawan zuri'o'i ke zama kafin zaɓe su raba kujeru: wannan zuri'a ta kawo gwamna, waccan mataimaki, wata sanata. Masu goyon baya na cewa yana rage zubar da jini. Masu suka na cewa yana danne mata da matasa da ƙananan zuri'o'i, yana kuma sa a riƙa kallon ɗaukar ma'aikata da ba da kwangila a matsayin rabon gado.

Abin da ke gaba

Raba ikon ya kawo asibitoci da rijiyoyin burtsatse da ayyukan yi, amma ya zo da wani sakamako da ba a zata ba. Kowane ɗan siyasa na son kafa sabon ƙauye da rijiyarsa domin ya samu rumfar zaɓe da kaso a kasafi. Masana harkar kiwo sun daɗe suna gargaɗin cewa yawaitar matsugunai na cinye makiyayar da a da ake keɓewa domin rani, ta yadda idan fari ya zo babu inda za a gudu. Dokar filayen al'umma ta 2016 ta ba jama'a damar yi wa filayensu rajista a dunƙule, sai dai aikin na tafiyar hawainiya.

Tsaro ma na nan. Hare-haren Al-Shabaab daga hayin iyaka, kamar wanda ya hallaka malaman makaranta a 2018, sun sa an janye malamai da dama waɗanda ba 'yan yankin ba ne, makarantu suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, alhali gunduma ba ta da ikon ɗaukar malaman firamare. 'Yan kasuwa kuma sun zuba ido a kan babbar hanyar Isiolo zuwa Mandera, mai tsawon fiye da kilomita 700, wadda Bankin Duniya ke cikin masu ba da kuɗin gina ta, kuma za ta ratsa ta Wajir. Idan aka kammala ta, dabbar da ke ramewa a mota kafin ta isa Nairobi za ta isa da ƙibarta, kuma buhun masara zai sauka da sauƙin farashi.

Soke tantancewar katin shaida ya cire wa matashin Wajir wani tsohon ƙunci. Sauran tambayoyin suna jiran amsa kafin zaɓen 2027: mutum nawa ne a gundumar, nawa ne rabonsu, kuma wa zai tsare wa makiyayi filin da zai kai raƙumansa idan damina ta sake ƙi.