Me Ya Sa Modem Ke Daina Aiki Bayan An Sake Kunna Kwamfuta?

A ranar 30 ga Satumba, 2025, kamfanin AOL na Amurka ya rufe hidimarsa ta intanet ɗin layin tarho, wadda ake kira dayal-of. Wanda ya buɗe ido ya tarar da 4G zai yi mamakin jin cewa a da sai kwamfuta ta buga lamba, modem ya yi ta ƙara kamar ana gasa gyare, kafin a samu shiga. Iyakar gudunsa kilobit 56 ne a daƙiƙa, wato waƙa mai nauyin megabait 5 sai ta ci kusan minti 12 tana sauka.

Akwai wata matsala da ta addabi masu amfani da Linux a wancan lokaci. Mutum zai kwana yana fama har modem ya yi aiki, ya kashe kwamfuta, da safe ya kunna ya tarar kamar ba a taɓa yin komai ba.

Asalin abin daga modem ɗin ne. Na waje, wanda ake jonawa ta kafar siriyal, yana da nasa ƙwaƙwalwar, ba ya buƙatar wani direba na musamman. Amma masu arha da ake sakawa a cikin kwamfuta, waɗanda ake kira winmodem, an rage musu kayan ciki, an ɗora wa manhaja aikin sarrafa sautin. Kamfanoni irin su Lucent da Conexant da Smart Link sun fi kula da Windows. A Linux sai mutum ya nemo direban da kansa, sau da yawa ma ya harhaɗa shi a kan tasa na'urar.

Direba a Linux yakan zo ne a matsayin modul, wani guntun shiri da ake cusa wa kanel, zuciyar tsarin, tana cikin aiki. Umarnin da ke yin haka shi ne modprobe. Mai modem ɗin Smart Link zai rubuta modprobe slamr, nan take direba ya hau. Sai dai ya hau ne a cikin RAM kawai, ita kuwa RAM da wuta ta ɗauke shi ke nan, ta manta. Direban yana nan a faifai, babu dai wanda ya ce wa kwamfuta ta ɗauko shi.

Maganin layi ɗaya ne. A Debian da Ubuntu akwai fayil mai suna /etc/modules, ana rubuta sunan kowane modul a layinsa, kwamfuta ta karanta yayin tashi. A tsarin da ke aiki da systemd, ana ƙirƙirar fayil mai ƙarewa da .conf a cikin /etc/modules-load.d/. Wasu kan zuba umarnin a /etc/rc.local. Yana aiki, amma gyaran gangan ne, domin a ƙarshen tashi ake karanta shi, bayan wasu shirye-shiryen sun riga sun nemi modem sun rasa.

Jerin ma yana da muhimmanci, kuma a nan mutane da yawa suka sha wuya. A wasu na'urorin direban siriyal na kanel yakan riga kowa cafke modem ɗin, alhali bai iya sarrafa shi ba. Dole a fara loda ungrab-winmodem ya ƙwace shi, sannan slamr ya biyo baya. Ko bayan haka da saura, sai shirin slmodemd ya tashi ya samar da /dev/ttySL0, ƙofar da wvdial zai bi ya buga lamba. Idan ɗaya ya ɓace, saƙon da za a gani guda ne: ba a ga modem ba. Umarnin lsmod yana nuna modul ɗin da suka hau, dmesg kuma yana faɗin inda aka yi tuntuɓe.

Wani tarkon shi ne sabunta kanel. Modul ɗin da aka harhaɗa wa tsohuwa ba zai hau sabuwa ba, ko da sunansa na nan daram a /etc/modules. Wannan ne ya sa DKMS, wanda kamfanin Dell ya ƙirƙiro, ya samu karɓuwa: shi ke sake harhaɗa direba duk lokacin da kanel ta canza.

A yau udev ne ke duba lambar shaidar kowace na'ura ya loda mata direba ba tare da an tambaye shi ba. Duk da haka, wanda ya taɓa jona modem ɗin USB na 3G a Linux ya ga ragowar wannan rigima: yakan fara bayyana a matsayin faifan CD, sai usb_modeswitch ya juya shi, sannan a buga *99# da wvdial ɗin nan dai na zamanin tarho. Wayar Android ma a kan kanel ɗin Linux take, kuma a cikin daƙiƙun da tambarin kamfani ke kan allo, tana bin nata jerin modul ɗin tana loda direbobin Wi-Fi da kyamara da sauransu. Idan aka ɗora wa waya wani ROM na daban Wi-Fi ya ƙi kunnuwa, sau da yawa direban ne bai dace da kanel ɗin ba.