Ranar da Tukunya Ke Hutu: Sunayen Cin "Kowa Ya Ɗiba" a Samaru da Sabon Gari

A gidan Bahaushe na gargajiya ba a ɗibar abinci, raba shi ake yi. Mai girki ce ke zama gaban tukunya da mara a hannu, ta kwashe tuwo malmala-malmala: na maigida da baƙinsa daban, na abokan zamanta daban, na yara a kwano guda, sannan ta ware na almajirin gida da na maƙwabciyar da ke jego. Ta san cikin kowa. To amma akwai ranakun da wannan tsari ke tsayawa: ranar babban wanki, ko ranar da aka wuni gidan biki, ko uwar gida ba ta jin daɗi, ko wata ya yi nisa cefane ya gagara. Da wuya a sami gidan da bai laƙaba wa irin wannan rana suna ba.

A wani gidan uwa za ta leƙo tsakar gida ta ce, "Yau fa kowa tasa ta fishshe shi." A wani gidan cewa ake yi tukunya na hutu, ko kuma a taƙaice, yau ba a ɗora ba. Wasu sukan ce ranar tattare-tattare ce, wato a haɗa ɗumame da guntuwar shinkafar rana da ƙanzon da ya saura, kowa ya zaɓi abin da ya yi masa. Baƙo zai ji maganar ta wuce shi, amma ɗan gida ya san ma'anarta: kada ka zauna jiran kwano, tashi ka nufi madafa.

Wannan ɗabi'a ta sami wurin zama a Sabon Gari da Samaru saboda tarihin wuraren. Sabon Gari ya kafu ne bayan isowar layin dogo Zariya a wajajen 1911, ya zama masaukin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, mutanen da agogo ke tsara wa lokacin ci. Da yawansu gwauraye ne masu dafa wa kansu, kuma sun zo da cimarsu irin su garin kwaki da teba, waɗanda ba sa bukatar tuƙi na awa guda. Samaru kuwa tashar binciken noma ce tun 1922, sai Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta cika garin da ɗalibai da malamai. Da gwamnati ta janye tallafin ciyar da ɗaliban jami'o'i a tsakiyar shekarun 1980, risho da ƙaramar tukunya suka shiga kayan kowane ɗalibi. Daga nan ne lissafin 0-1-0 da 1-0-1 ya yi suna, inda sifiri ke nufin lokacin cin da aka tsallake. Yau a Palladan da Hanwa da Dogarawa akwai gidaje da yawa da miji da mata duk ke fita aiki, yara na dawowa daga boko su wuce islamiyya, ba a haɗuwa kan kwano ɗaya sai da dare.

Abincin irin wannan rana ma sunayensa na raha ne. Akwai garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, wanda ake ajiye tukunyarsa a buɗe kowa ya zuba daidai cikinsa. Akwai ɗan malele da ake shimfiɗawa a faranti a yaryaɗa manja. Akwai kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, da wainar fulawa da yara ke kira 'yar lallaɓa, da garin kwaki jiƙaƙƙe da sukari da gyaɗa, da Indomie wadda ɗan shekara 10 ma ya iya dafawa. Uwa-uba akwai fate, wanda ake tsokanar Zazzagawa da shi ko'ina suka je. Kada a raina waɗannan. Haɗa shinkafa da wake yana ba jiki abin gina shi fiye da cin kowannensu shi kaɗai, ƙuli-ƙuli ma haka, kuma faten tsaki da aka cika da alayyahu ko yakuwa ya fi farar taliya da mai amfani nesa ba kusa ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru ce ma ta fitar da irin wake da masara da gyaɗa da dama da manoman Arewa ke shukawa, waɗanda ke ƙarewa a wannan tukunya.

Me ya sa sai an sa wa ranar suna? Da farko don rufin asiri. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Magidancin da ba zai iya furta "babu" a gaban 'ya'yansa ba yana iya cewa yau ranar garau-garau ce, a yi dariya, a ci, mutuncinsa na nan. Na biyu, sunan izini ne ga mai girki ta huta ba tare da an kira ta raguwa ba. Na uku, a irin wannan rana ce 'ya'ya maza da yawa ke fara koyon kunna wuta da wanke tukunya, abin da zai cece su ranar da suka sami kansu a ɗakin kwanan ɗalibai ko a bariki.

Sai dai akwai abin da raha ke iya ɓoyewa. Rabon da uwa ke yi adalci ne, domin ita ce ke tabbatar da cewa ƙaramin da ba ya da saurin loma, da tsohuwar da ba ta iya tashi, da marar lafiya, da mai shayarwa, duk sun sami nasu. Da zarar ludayi ya bar hannunta, mai ƙarfi da mai wayo ke cika kwano. Samari su kwashe, ko su fice wurin mai shayi, yaron goye da kaka su kwana da guntun ƙanzo, almajirin da ya saba zuwa da kwanonsa ya koma hannu rabbana. Idan kuma "kowa tasa ta fishshe shi" ta tashi daga sau ɗaya a mako ta zama ta kullum, to ba hutu ba ne kuma, alama ce ta cewa gidan na bukatar a zauna a sake lissafin cefane, ko a nemi taimakon dangi.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ko cikin sanyi ba, ga shi kuwa wutar lantarki ba ta da tabbas, ga zafin bazara. Shinkafa ta fi haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke zuba guba a cikinta wadda ɗumamawa ba ta kashewa. Abin da za a ɗumama a bari ya yi zafi har ciki, kuma kada a maimaita. Garin kwaki a rufe shi ruf, saboda fitsari da kashin ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, kuma jiƙa shi ake yi ba dafawa ba. Taliyar leda irin Indomie kuwa gishirinta na da yawa, alhali abin da ake so babba ya ci a wuni bai kai giram 5 ba.

Saboda haka kowane gida ya riƙe sunan da ya raɗa wa ranarsa, uwar gida kuma ta huta abinta. Sharaɗi ɗaya ne: kafin a yi shelar kowa ya ɗiba, a fara zuba wa ƙananan yara da tsofaffi da marasa lafiya, a ware na mai zuwa ƙofa. Abin da ya rage, sai masu ƙarfi su yi rububinsa.