Sallamar Fim: Abin da Mintocin Farko Suke Faɗa



Da yawa daga cikinmu, idan an kunna fim a gida, muna ɗaukar rubutun farko mai ɗauke da sunaye, wanda ake kira jenerik da Faransanci, a matsayin lokacin gyara tabarma da zuba shayi. Alhali a nan ne mai shirya fim yake yin sallama, yake kuma nuna irin halin da zai jefa zuciyar mai kallo.

Mu ɗauki Ar-Risala, fim ɗin da marigayi Mustafa Akkad, ɗan asalin Halab ta ƙasar Sham, ya fitar a 1976, bayan ɗaukarsa a Maroko da Libiya. Tun kafin labari ya kankama, rubutu yake bayyana, yana sanar da cewa ba za a nuna surar Manzon Allah (SAW) ba, saboda girmama koyarwar Musulunci. Sai ga mahaya uku suna sukuwa cikin rairayin hamada, ɗauke da wasiƙu zuwa ga sarakunan Rum da Farisa da Masar. Faɗin filin da ƙanƙantar mutanen a cikinsa, tare da kiɗan Bafaranshe Moris Jar mai tashi sannu a hankali, su ne suke sa ɗaki ya yi tsit. Mun sha ganin yara masu surutu sun natsu a daidai nan, ba tare da wani babba ya tsawata musu ba.

A Amurka kuwa, mai zane Sol Bas ya yi amfani da wannan hikima don wata manufa dabam. A farkon fim ɗin Psycho na 1960, layuka ne kawai masu launin toka suke ratsa baƙin allo, suna tsarga sunayen ƴan wasa gida-gida, ga kuma goge yana kuka da gaggawa. Ba a nuna wuƙa ko jini ba, amma tsoro ya riga ya shiga.

Saboda haka muke ganin bai kamata uba ko uwa su kunna fim su fice ba. Launin rubutu, saurin sauyawar hotuna da irin sautin da ya biyo su sukan tona asirin abin da ke tafe cikin minti biyu ko uku, tun yara ba su ƙwallafa rai a kan labarin ba, lokacin da kashe talabijin bai zama rigima ba tukuna.