Gobarar Ƙarfe: Wutar Da Ruwa Ke Ƙara Wa Ƙarfi

 

Da a ce yanzu kina zaune ki ji an ƙwalla ihun gobara a tsakar gidanki, me hannunki zai fara kaiwa? Na san amsar, don ni ma ita ce tawa: bokitin ruwa. Haka muka taso, haka kuma muke koya wa 'ya'yanmu, kuma a mafi yawan lokuta daidai ne. Katifa, labule, itace, zana, duk ruwa ne maganinsu. Amma akwai wata irin wuta da ruwa ke zame mata kamar fetur, kuma ban taɓa ɗaukar ta da muhimmanci ba sai ranar da na ga aikinta da idona.

Wata rana da yamma, ina dab da tashi daga aiki, aka shigo mana da wani yaro da bai wuce shekara 14 ba. Yana koyon sana'a ne wajen masu narkar da alminiyum suna zuba tukwane da ludaya. Ubangidansa ya tafi sallar la'asar, ya bar shi yana jefa tarkacen da 'yan gwangwan suka kawo cikin kaskon narki. A cikin tarkacen akwai wani guntun murfin inji mara nauyi. Maimakon ya narke kamar sauran, sai ya kama da wuta, fara fat, mai kashe ido kamar ta masu walda. Yaro ya firgita, ya yi abin da kowace uwa ta koya wa ɗanta: ya sunkuci bokiti ya sheƙa ruwa. Nan take kaskon ya yi bindiga, narkakken ƙarfe ya fantsamar masa a hannu da ƙirji da gefen wuya. Allah Ya kiyaye idanunsa. Mahaifiyarsa tana kuka tana ce mini, "Sista, ai ruwa ya zuba, ba fetur ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ruwan ne ya ja masa.

Wannan guntun da ya kama wuta, ga dukkan alamu, ƙarfen magnesiyam ne. Ido ba ya saurin bambanta shi da alminiyum, sai dai ya fi shi rashin nauyi, shi ya sa ake sa shi a wasu sassan injin mota da babur, da injin yanka katako, da jikin wasu kwamfutocin hannu. Yana da 'yan'uwa masu irin halinsa, wasu ma sun fi shi zafin rai: sodiyam, fotashiyam da litiyam. Idan 'yarki tana ajin kimiyya a sakandare, tambaye ta, wataƙila ta ga sodiyam a ɗakin gwaje-gwaje, an nutsar da shi cikin kwalbar kananzir. Ba ado ba ne. Yana da taushi har wuƙa na yanka shi kamar sabulu, amma da ya taɓa ruwa sai ya fara tsere a kai yana huci, wani lokaci ya kama da wuta. Damshin iska kaɗai yana cin sa, shi ya sa ake ɓoye shi cikin mai.

To me ya sa ruwa ke rura irin wannan wuta? Ruwa haɗin abu biyu ne, iskar oksijin da iskar haidirojin. Oksijin ita ce abincin kowace wuta, haidirojin kuwa ita kanta makamashi ce mai saurin fashewa. Wutar itace ba ta da ƙarfin raba su, don haka ruwa ke sanyaya ta ta mutu. Magnesiyam kuwa yana ci da zafin da ya kai wajen digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas, kuma yana da tsananin kwaɗayin oksijin. Da kin zuba masa ruwa sai ya fizge oksijin ɗin ya ci, ya saki haidirojin, ita kuma ta kama. Kin ga kin ba shi abinci, kin ƙara masa da makamashi.

Akwai haɗari na biyu, wanda shi ma ya sami yaron nan. Alminiyum yana narkewa a digiri 660. Ruwan da ya shiga ƙarƙashin narkakken ƙarfe yana zama tururi a ƙiftawar ido, kuma tururi na cin wurin da ya ninka na ruwan wajen sau 1,700. Ba shi da hanyar fita sai ya ɗaga ƙarfen ya watsa. Ko ba wuta, gwangwanin lemo mai ɗan sauran ruwa a ciki ya isa ya tarwatsa kasko. Dalilin ke nan da ya sa man suya ke tashi sama idan kika zuba masa ruwa yana ci da wuta. Shi murfin tukunya yake so, a kashe risho ko gas a rufe shi.

Kada ki ce jahilcin yaro ne. A ranar 11 ga Yunin 1955, a gasar tseren motoci ta Le Mans a Faransa, wata mota ƙirar Mercedes ta ƙwace ta faɗa wajen 'yan kallo, fiye da mutum 80 suka mutu, akasari daga sassan motar da suka tarwatse cikin jama'a. An ƙera jikin motar da ƙarfe mai yawan magnesiyam don ta yi sauƙin nauyi. Da ta kama wuta, ma'aikatan ceto suka yi ta zuba mata ruwa, wutar ta ƙara tashi, ta yi sa'o'i tana ci. Manya ne, aikinsu ke nan, amma hannunsu ya kai ga abin da ya saba.

Wataƙila ki ce, ni da ba ni da maƙera a gida, ina ruwana? Bari mu leƙa gidan tare.

Tukunyarki ta alminiyum ba za ta kama wuta ba, ki kwantar da hankalinki. Ƙarfe kamar itace yake: gungume yana da wuyar kamawa, dusar katako kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Idan aka mayar da ƙarfe gari ko siraran zare, iska ta samu shiga ko'ina, sai ya zama abin ci ga wuta. Soson ƙarfe mai laushin nan, mai zare kamar gashi, idan ya taɓa bakin batir mai kai biyu a sama, nan take yake yin ja ya fara ci. Yara maza sun san wannan wasan fiye da yadda muke zato. Kada ki haɗa su a durowa ɗaya.

Sai sandar tartsatsin nan da ake soka wa kek a bikin zagayowar ranar haihuwa, ko a ba yara su riƙe ana ɗaukar hoto. Kyan da kike gani garin ƙarfe ne ke ci da wuta, kuma zafinsa na haura digiri 1,000. Ni dai ban ga dalilin miƙa wa ɗan shekara uku irin wannan ba, ga mayafai da leshi ko'ina a wurin biki. Wayar da ta rage bayan ya mutu ma tana ƙona tafin ƙafa.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba zallan ƙarfe ba ne amma halinsu ɗaya wajen ƙin ruwa. Na farko kabaid, dutsen nan mai wari da masu walda ke amfani da shi, wasu kuma suke nuna ayaba da mangwaro da shi. Ruwa na taɓa shi yake fitar da iskar da ake walda da ita, ashana ɗaya ta ishe ta. Na biyu ƙwayar maganin ƙwarin da ake jefawa cikin buhun wake ko masara. Damshi ne ke sa ta saki iska mai guba wadda ke kisa, kuma iskar kan iya kamawa da wuta da kanta. Kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwayar nan a ɗakin da ake kwana ko mai manne da shi, kada kuma a wanke ragowarta da ruwa a tsakar gida.

Batirin waya fa? Nan ne mutane ke rikicewa, saboda sun ji sunan litiyam. Batirin waya da fawa bank da fitilar caji ba zallan ƙarfen litiyam ne a cikinsu ba. Abin da ke ci da wuta wani ruwan sinadari ne da ke ciki, idan batirin ya yi zafi fiye da kima ko ya huje. Irin wannan ce ta sa kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016. Ita wannan wutar tana karɓar ruwa, har ma'aikatan jirgin sama ruwa aka koya musu su zuba don su sanyaya batirin. Sharaɗin shi ne a fara raba shi da lantarki, a kashe daga soket ko daga mita. A fitar da yara, don hayaƙin guba ne, kuma a bar shi a waje kan siminti, domin yakan sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu. Wayar da bayanta ya kumbura ta gama aiki, kada a danne ta, kada a soka mata allura. Caji ƙarƙashin matashi kuwa, don Allah a daina.

Yanzu ga yadda ake yi da wutar ƙarfe ta ainihi. Za ki gane ta da farin haske mai tsanani da farin hayaƙi. Kada ki ƙura mata ido, tana yi wa ido illar da hasken walda ke yi. Fara da fitar da mutane, a janye duk abin da zai iya kamawa a kusa, a kira 'yan kwana-kwana: 112 a Nijeriya, 18 a Nijar. Ki faɗa musu ƙarfe ne ke ci, don su san da me za su zo. Idan wutar ƙarama ce, maganinta busasshen yashi. Busasshe na ce, don yashi mai damshi ruwa ne a ɓoye. A zuba shi da shebur mai dogon hannu, a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, har ya binne ta. Ba a watsa shi da ƙarfi, don kada a tarwatsa garwashin. Busasshen gishiri ma yana yi. Abin mamaki, gishirin girkinmu akwai sodiyam a cikinsa, amma ya riga ya haɗu da wani sinadari ya huce, har da shi ake cika tukunyar kashe gobarar ƙarfe: zafi na sa shi ya yi ɓawo a kan wutar ya toshe mata iska. Bayan an binne, a bar shi. Ƙarƙashin yashin na iya daɗewa da zafi, mai tonawa don ya ga ko ta mutu shi ke tayar da ita.

Kada a zuba garin tuwo ko fulawa, su ma suna ci. Kada a rufa jiƙaƙƙen bargo. Jar tukunyar kashe gobara da ke cikin mota ko shago ba ta wannan aikin ba ce. Mai kumfa ruwa ce, mai iskar kabon kuwa magnesiyam na ci gaba da ci a cikin iskarta. Wadda aka yi don ƙarfe tana ɗauke da harafin D a jikinta. Idan maigida ko ɗanki yana aikin narki, walda, gyaran inji ko sayen gwangwan, wannan maganar ki kai masa ita yau.

Saura ɓangaren da ya fi shafar aikina. Kafin a kawo mana yaron nan, an riga an fasa masa ɗanyen ƙwai a ciwon, an bi da man goge baki. Sai da muka ɓata lokaci muna wanke su yana ihu kafin mu ga zurfin ƙunar. Ƙwai, man goge baki, manja, gishiri, toka, bakin mai, babu mai warkar da ƙuna a cikinsu, ƙwayoyin cuta suke kaiwa.

Abin yi shi ne, idan akwai gari ko guntayen ƙarfe a fatar, a fara kakkaɓe su a bushe da ƙyalle mai tsabta, musamman idan sodiyam ne ko kabaid, don ruwa zai tayar da su a jikin mutum. Bayan sun fita, sai ruwa ya dawo abokinki: a kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne a fata kada a fizge ta, a yanke ta kewaye. Kada a fasa ƙuraren ruwan da suka taso. A rufe da ledar naɗe abinci ko ƙyalle mai tsabta mara gashi, a lulluɓe sauran jikin yaro don kada sanyi ya kama shi.

A tafi asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ciwon faɗi, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura. Ki kula da wannan sosai: wurin da ya yi fari ko ya yi baƙi, ya taurare, kuma yaro ya ce ba ya masa zafi, shi ne mafi muni, don wutar ta cinye jijiyoyin da ke jin zafin. Ƙunar ƙarfe takan zama ƙarama a ido amma ta yi zurfi. A jikin yaron nan, tabon da ya fi ba mu wahala bai fi girman kwabo ba.

Ya yi makonni a wurinmu kafin a sallame shi, kuma ya koma sana'arsa. Ranar da ya zo a duba ciwon, ubangidansa ne ya rako shi, ya ce mini yanzu akwai rabin duro na yashi a gefen kaskon. Na tambaye shi ko yana da murfi, ya ce a'a. Na ce ya nema masa kafin damina ta sauka.